Babi na Huɗu: Ƙarfe Nawa Abin Ya Faru?

Takardar da ake tura sabon ma'aikacin jinya wurin aiki da ita ba ta cika rabin shafi ba. Suna, sunan asibiti, ranar kama aiki, sai sa hannun wani jami'i a Katsina. A gidan da aka kai ta kuwa, layi ɗaya ake dubawa. In an rubuta birnin Katsina ko Daura, sai barka da arziki. In an rubuta Ƙanƙara, ko Faskari, ko Sabuwa, uwa takan yi shiru, kawu kuma ya ɗauki hularsa ya fita neman wanda ya sani a ma'aikatar lafiya. Wani lokaci a dace a sauya wurin. Wanda ba shi da kowa a sama shi ke haɗa kayansa, kuma sau da yawa sabo ne fil, ko albashin farko bai taɓa karɓa ba.

Mu ƙaddara mace ce, ko da yake maza ma suna da yawa a wannan aiki a Jihar Katsina. Ta yi shekarunta a makarantar koyon jinya ta Katsina, ƙila ta ƙara da ungozoma a Malumfashi. Ta ci jarrabawar Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda tun 1979 ita ke ba da lasisi. Ta san sunayen ƙasusuwa, ta san lissafin ɗigon ƙarin ruwa, ta iya gyara gado har matiron ta rasa abin cewa. Karatu ne na gaske, ba na raina shi. Sai dai duk an gina shi a kan zaton cewa akwai likita kusa, akwai babbar nas a bayanta, waya tana shiga, wuta tana nan, ɗakin gwaji a buɗe yake, motar asibiti kuma da mai a cikinta.

Jinyar gaggawa fanni ne mai zaman kansa. Ana komawa makaranta a karance shi bayan an yi aiki an goge, a wurare irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano da na Igbobi a Legas. Amma a ƙaramin asibitin karkara ba takardar Dala ce ke mayar da mutum nas ɗin imajansi ba. Jadawalin duti ne. Ranar da sunanta ya faɗo a dutin dare, duk abin da ya shigo ta ƙofar nan daga isha'i zuwa asuba nata ne, ita da malamin lafiya guda ɗan makarantar Kankiya ko Daura, da mai shara, da mai gadi. Likita yana gidansa ko yana ɗakin tiyata, in akwai shi.

Ƙananan hukumomin nan uku suna jere ne a gefen yammacin kudancin jihar, bayansu daji. Ƙanƙara tana kallon Dajin Rugu da iyakar Zamfara. Faskari tana kusa da titin Funtuwa zuwa Gusau, inda ake wuce Sheme da 'Yankara kafin a faɗa Tsafe. Sabuwa kuwa tana can ƙasa, bayan Ɗandume, ta jingina da Birnin Gwari ta Jihar Kaduna. Ƙasar noma ce mai albarka, masara da dawa da waken suya da auduga, wadda ta daɗe tana cika kasuwannin Funtuwa da Ɗandume da hatsi. Duniya ta san sunan Ƙanƙara ne a daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati, aka sako 344 bayan kwana shida. Mutanen yankin sun riga duniya sani. A watan Yunin shekarar an kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari, a watan Yunin 2024 kuma aka yi irin haka a 'Yargoje ta Ƙanƙara. Tsakanin waɗannan manyan ranaku akwai ƙananan hare-hare da ba sa kai wa jarida, amma suna kai wa asibiti.

Abin da makaranta ba ta faɗa wa sabuwar nas ba shi ne, a nan ba ta karɓar rauni yana sabo. A littafi, wanda aka harba yana isowa cikin mintuna. A Faskari yana iya isowa da hantsi alhali tun tsakar dare aka harbe shi. An shigo ƙauyen, kowa ya watse cikin gona, shi ya kwanta a kunya yana danne cinyarsa da rawani har sai da aka ji ƙarar baburan ta yi nisa. Babu mai hawa hanya kafin gari ya waye. Da safe aka nemo babur, aka zaunar da shi a tsakiya, wani a baya yana riƙe da shi, aka bi hanyar da damina ta cinye. Ƙila an tsaya a kemis ɗin wani gari an yi masa allura. Ƙila an tsaya a shingen jami'an tsaro an yi bayani. Duk wannan lokacin jini yana zuba, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba.

A 2021 abin ya ƙara tsanani. A ƙarshen watan Agusta Gwamna Aminu Bello Masari ya sa hannu a kan dokar da ta taƙaita bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta hana sayar da fetur a jarka, ta kuma hana zirga-zirgar babura daga shida na yamma zuwa shida na safe a ƙananan hukumomin da ke bakin daji. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku, aka shafe watanni a haka. An yi ne don a shaƙe 'yan bindiga, kuma mutane da yawa sun goyi baya a lokacin. Amma babur ɗin da ke kai wa ɗan bindiga mai shi ne irin wanda ke kai mai naƙuda asibiti, wayar da ake neman kuɗin fansa da ita kuma irinta ce nas ke kiran likita da ita. Duk wanda ya kama aiki a waɗancan watanni ya koyi aika mai gadi da ƙafa.

Shi ya sa tambayar farko da gogaggun ma'aikata ke yi, hannunsu na kan jijiyar wuyan hannun majinyaci, ita ce yaushe abin ya faru. Sabuwar nas takan tambaya da agogo, a ba ta amsar da ba ta da amfani.

"Baba, ƙarfe nawa aka harbe shi?"

"Wallahi 'yata, da dare ne."

Wadda ta daɗe a wurin ba haka take yi ba. "Baba, kun yi isha'i?" Mun yi. "Kun kwanta?" Mun kwanta, har barci ya fara nisa. "Zakara ya yi cara?" A'a, da sauran dare. Cikin tambaya uku ta san abin ya faɗa tsakanin sha biyu da uku, ta duba agogon bango, ta lissafa. Sallah da carar zakara da fitowar rana su ne agogon ƙauye, kuma ba sa kuskure sosai.

Lissafin nan shi ke yanke abin da za ta yi. Akwai wata allura mai araha, tranexamic acid, da ke hana gudan jini narkewa. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban gwaji mai suna CRASH-2, wanda aka yi a kan mutum sama da 20,000 a ƙasashe 40, har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwar masu zubar jini bayan rauni. Da aka sake duba alƙaluman sai aka ga sharaɗin: a ba da ita cikin awa uku, kuma gara a awar farko. Bayan awa uku amfaninta ya tafi, tana ma iya cutarwa. A 2017 wani gwajin, WOMAN, ya nuna irin wannan ga mata masu zubar jini bayan haihuwa, da sharaɗin awa ukun nan dai. Ke nan kwalba ɗaya ce a cikin kabad, amma ko magani ce ko ba magani ba ce ya danganta da amsar da tsohon nan ya bayar a bakin ƙofa.

Haka ɗaurin da ake zuwa da shi. Mutanen ƙauye sun san a ɗaure sama da rauni, kuma da robar tayar babur suka fi yi. In ɗaurin bai yi ƙarfi ba, hanyar komawar jini kawai ya toshe, ta zuwansa tana buɗe, sai zubar ta ƙaru. In ya yi ƙarfi sosai kuma ya daɗe, ƙafar ce ke mutuwa. Ɗauri na ƙa'ida ana rubuta lokacin da aka yi shi, don bayan awa biyu naman da ke ƙasa ya fara shiga haɗari. Robar da ta kwana a cinya ba a kwance ta da garaje a kan benci, ba tare da an sa ruwa ba kuma babu likita a kusa, domin dattin da ya taru a ƙafar yana iya kwarara zuwa zuciya da ƙoda a lokaci ɗaya. Sabuwar nas, da tausayinta, hannunta yakan kai ga robar nan kafin tunaninta ya kai.

Sai kuma na'urar awon jini, wadda ɗalibai suka yarda da ita fiye da idonsu. Babban mutum yana da jini wajen lita biyar. Matashi manomi mai ƙarfi yana iya zubar da kusan kashi ɗaya cikin uku awonsa bai faɗi ba, saboda jikinsa yana matse jijiyoyi yana rufa asiri. Lokacin da awon zai faɗi, an makara. Alamun suna wani wuri: bugun jijiya mai sauri kuma siriri, tafin hannu mai sanyi da gumi, numfashi sama-sama, cikin fatar ido fari fat, da ƙishirwa. Yana roƙon ruwa, 'yan'uwa suna miƙo leda ko kofin kunu, ita kuma dole ta hana in raunin a ciki yake, don ƙila tiyata za a shiga. Ta nemi kanula mai faɗi, mai ruwan toka ko koriya, ta sa biyu tun jijiyoyin ba su ɓace ba. Ta yanke rigar, ta juya shi, ta duba baya da hammata da matsematsi, domin harsashi yana shiga ta ƙaramar ƙofa ya yi ɓarnarsa a inda ba a kallo. Yanke rigar dattijo a gaban 'ya'yansa ba ƙaramin abu ba ne ga yarinyar da aka rena da kunya. Ana jan labule, ana neman izini da baki, amma ana yankewa.

Duk wannan in mutum ɗaya aka kawo. Ranar da a-kori-kura ta tsaya da mutum takwas, aikin ya zama zaɓe, kuma a nan ne na fi jin tausayin sabon shiga. Ido da kunne suna tafiya ne wajen mai ihu. Amma mai ihu yana numfashi, ƙwaƙwalwarsa tana samun jini. Wanda aka jingine a bango ya yi shiru, har 'yan'uwansa na cewa ya samu barci, shi ne abin tsoro. Wannan ilimi ya girmi asibitocinmu. Dominique Jean Larrey, likitan rundunar Napoleon ta Faransa, shi ya yi suna da tsarin duba masu rauni bisa tsananin rauninsu, ba bisa muƙaminsu ba, ko da sojan abokan gaba ne. Yau ana yin sa da launi: ja ga wanda ba zai iya jira ba, rawaya ga mai ɗan lokaci, kore ga wanda zai iya zama a benci. Afirka ta Kudu ta tsara nata ma'aunin musamman don asibitocin da ma'aikata suka yi ƙaranci.

A takarda abin da sauƙi. A Ƙanƙara kuwa ja da kore suna da dangi. Mai koren rauni yana iya zama ƙanen kansila, ko ɗan sa-kai da abokansa suka rako shi da bindigogi a kafaɗa, ko surukin mai gari. Mai ja kuma bafulatanin ruga ne da babu wanda ya san shi, wasu ma suna yi masa wani irin kallo. An koya wa yarinyar nan tun tana ƙarama cewa ba a wuce babba, ba a juya wa dattijo baya yana magana. Yanzu aikinta ya ce ta wuce shi.

"Ke Sista! Ba ki san ko wane ne wannan ba?"

"Na sani, ranka ya daɗe. Nasa da sauƙi, alhamdu lillahi. Wancan ne zai tafi in na bar shi. A danne masa nan da ƙarfi, ina zuwa."

Amsar nan tana da hikima uku a ciki: ta girmama shi, ta yi masa albishir, ta kuma ba hannunsa aiki. Mutumin da ke danne rauni da auduga ba ya samun sukunin faɗa. Ba a makaranta ake koyon wannan ba. Wajen tsofaffin ma'aikatan asibitin ake ɗauka, waɗanda takardarsu ba ta kai tata ba. Mai gadin da ya san kowa a garin shi ne zai iya cewa mutum talatin su fita su bar biyu, su kuma fita. Matar da ta yi shekaru tana share ɗakin haihuwa tana kallon fuskar mai jego ta ce, "Sista, wannan fa jininta ya tafi," kuma a auna a ga haka ne. Sabuwar nas mai girman kai da farin kaya takan rasa waɗannan malamai a makon farko, kuma ba sa dawowa da wuri.

Ruwan leda ba jini ba ne. Yana cika jijiya na ɗan lokaci, amma ba ya ɗaukar iska, kuma in an yi ta ɗura shi yana tsinka jinin da ya rage ya wanke gudan da ya fara toshe raunin. Abin da mai zubar jini ke bukata shi ne jini da kuma wanda zai ɗinke inda yake fita. Jini a mafi yawan asibitocinmu a jikin dangi yake. Sai an nemo mai bayarwa, a duba rukuni, a gwada ƙanjamau da ciwon hanta, sannan a ɗiba. Firjin ajiya yana son wutar da ba ta yankewa. Dangin kuma da suka kwana a gona suna gudu, wasunsu ba su ci komai ba tun jiya, wani yana tsoron in ya ba da leda ɗaya ba zai iya noma ba bana. Nas mai wayo tana fara maganar jini tun a mintin farko, tun kafin a tabbatar ana bukata, saboda ta san lallashi ma yana cin awa.

Daga nan sai hukunci mafi nauyi, wanda a ƙa'ida na likita ne amma dare yakan ɗora wa nas: a riƙe shi ko a tura shi. Daga Sabuwa da Faskari, Babban Asibitin Funtuwa ne mataki na gaba, bayansa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Daga Ƙanƙara ana iya nufar Malumfashi ko Funtuwa, ko a miƙe Katsina, Asibitin Koyarwa na Tarayya ko na Janar Amadi Rimi. Kowace hanya tana da sa'o'in da direba zai ce ko nawa za a ba shi ba zai bi ba, kuma ba a ga laifinsa. In an tura mutum bai daidaita ba, a mota zai cika. In an riƙe shi ana jiran ya daidaita alhali cikinsa ne ke cika da jini, a gado zai cika. Abin da ke hannunta shi ne ta tsayar da zubar da ake gani, ta sa hanyar ruwa mai kyau, ta yi allurar tetanus da ta kashe ƙwayoyin cuta, ta rubuta takarda. Takardar turawa mai cewa "harbi, a taimaka" ba ta taimaki kowa ba. Wadda ta faɗi lokacin harbin, lokacin ɗauri, bugun jijiya da aka samu da farko da na yanzu, leda nawa aka sa, wace allura aka yi da ƙarfe nawa, ita ce ke hana likitan Shika ɓata rabin awa yana tambayar direba.

Kada mai karatu ya ɗauka kullum harbi ne. Yawancin darare, musamman daga Agusta zuwa Oktoba, yara ne. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, yaro yana jijjiga, ido ya kafe, an shafa masa man ja ko an tura cokali a baki. A kwantar da shi a gefe, a duba suga, a ɗiga jini a kan ɗan katakon gwaji, a auna nauyinsa, a yi allurar artesunate yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. A nan ma tambayar ita ce tun yaushe, uwa kuma takan ce jiya alhali kwana huɗu ne, don tana jin kunyar a ce ta yi sakaci. Ba sakaci ba ne, hanya ce da kuɗin mota da jiran izinin maigida da ya tafi ci-rani. Yaron da tamowa ta kama, irin waɗanda suka yawaita tun da aka hana mutane gonakinsu, shi kuma tarko ne: ya bushe, hannu yana ƙaiƙayin a sa masa ruwa da sauri, amma zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Mai ciki da jijjiga ta kama tana bukatar magnesium sulphate. Wanda ya sha ko ya shaƙi maganin feshi yana zubar da yawu, ƙwayar idonsa ta tsuke, atropine yake so. Manomin da kububuwa ta sara ana ɗibar jininsa kaɗan a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta a ajiye minti 20. In bai daskare ba dafin ya shiga jini, sai maganin dafi, irin wanda asibitin Kaltungo a Gombe ya yi suna da shi, in an same shi, in kuma an iya saye.

Akwai doka a bayan nas ɗin, kuma ya kamata ta san ta da ka. Shekaru da yawa asibitoci a Najeriya suna ƙin taɓa wanda aka harba sai an kawo takardar 'yan sanda, mutane suna mutuwa a bakin ƙofa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa ko da wane dalili. A Disamban 2017 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan wata doka ta musamman da ta wajabta wa kowane asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya yi wa wanda aka harba magani nan take, da takardar 'yan sanda ko babu, an biya kuɗin farko ko ba a biya ba. Dokar ta kuma ce a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa cikin awa biyu da fara magani.

Wanda ya rubuta awa biyun nan birni yake tunani. A garin da kowa ya san gidan kowa, kai rahoto yana iya sa a kira ka ɗan leƙen asirin hukuma, rashin kaiwa kuma a kira ka likitan 'yan bindiga, kuma duka sunayen biyu suna kashe mutum. Raunin ba ya faɗin ko mai shi manomi ne, ɗan sa-kai ne, jami'in rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023 ne, ko kuwa ɗaya daga cikin waɗanda suka kai harin. Ra'ayina a nan ba shi da kwana. Aikin nas shi ne ta yi magani a cikin asibiti, a fili, ta rubuta a littafi, shugaban asibitin ya kai rahoto da sunan asibiti. Bai kamata a bar yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ta zama ita ce fuskar wannan rahoto ba. Abin da za ta guje wa shi ne kiran gefe, a zo gida da dare a ce ga wani a wani wuri, za a biya da kyau. Wannan ƙofa in an shige ta ba a fitowa.

Katangar asibiti ma ba ta tsare kowa ba. A watan Janairun 2025 'yan bindiga suka shiga Babban Asibitin Ƙanƙara da dare, suka harbi likita, suka tafi da mutane. Ma'aikacin lafiya a idonsu kuɗin fansa ne, kuma hannu ne da zai yi musu ɗinki a daji. Bayan irin wannan dare, wanda ya nemi canjin wurin aiki ba matsoraci ba ne, uwar da ta ce 'yarta ba za ta koma ba kuma ba jahila ba ce.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne tsarin da ke kai mafi ƙarancin gogewa wurin da ya fi bukatar gogewa, sannan a bar shi shi kaɗai da dare. Gyaran bai kai tsadar gina sabon asibiti ba. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Red Cross ta Duniya suka fitar da kwas na kwana biyar na agajin gaggawa a matakin farko, wanda aka tsara don ma'aikatan irin waɗannan wurare: hanyar iska, numfashi, jini, hayyaci, sannan duba jiki duka, a jere, kowane lokaci. Kwana biyar kafin a ba mutum takardar Sabuwa ba su yi yawa ba. Haka watannin farko na dutin dare tare da babba.

Sai dai babban ne ake nema a rasa. A farkon 2024 magatakardar hukumar jinya ta ƙasa, Faruk Abubakar, ya ce ma'aikatan jinya 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, sama da 15,000 a 2023 kaɗai. A watan Fabrairun shekarar hukumar ta fito da ƙa'idar cewa sai mutum ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa na fita waje, ma'aikatan jinya suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Nas ɗin Faskari ba kasafai take tashi kai tsaye zuwa Ingila ko Saudiyya ba. Wadda ke asibitin koyarwa a Kano ko Zariya ce ke tafiya, ta birnin Katsina ta maye gurbinta, ta Funtuwa ta koma Katsina, ta Faskari ta samu Funtuwa. Gurbin da aka buɗe a Landan a bakin daji yake ƙarewa. Shekara biyun da aka yi gardama a kansu kuwa su ne daidai lokacin da nas take fara gane mai shiru daga nesa, take iya sa kanula a hannun yaron da ya bushe da hasken fitilar waya, take da lambar direbobin da za su yarda su fita da asuba. A lokacin ne takardar canjin wurinta ke fitowa, a aiko wata daga makaranta, a sa sunanta a jadawalin dare tun satin farko.